Ira Aldridge a Kan Dandamali: Tambayoyi da Amsoshi Kan Saɓanin Masana

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga malaman adabi da masu kula da kulob ɗin dirama a sakandaren karkarar Kano da Jigawa, tun daga Bichi, Gaya da Rano har Ringim, Gumel da Birnin Kudu, da kuma ɗaliban kwalejin ilimi da aka ba su aiki kan tarihin wasan kwaikwayo. Yawancinsu sun ci karo da sunan Ira Aldridge ne lokacin da wasan Othello na Shakespeare yake cikin littattafan jarrabawar WAEC, daga 2016 zuwa 2020. Wani littafi ya ce gwani ne na gwanaye, wani ya ce Landan ta gwada shi ta ƙi. Malam yana gaban allo, ɗalibai suna jiran ya faɗa musu wanne ne gaskiya.

Wane ne Ira Aldridge, a taƙaice?

Baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi a New York ranar 24 ga Yuli, 1807. Ɗa ne, ba a bauta aka haife shi ba, kuma mahaifinsa Daniel mai wa'azin coci ne. Ya yi karatu a makarantar da aka buɗe wa 'ya'yan baƙar fata a birnin, ya fara sha'awar dandamali a wani ƙaramin gidan wasa na baƙaƙen fata mai suna African Grove, wanda aka buɗe a 1821. Da ya ga Amurka ba za ta ba shi fili ba sai ya tsallaka Ingila, ya fito gaban 'yan kallo a Landan a 1825, bai ko cika shekara 20 ba.

Ya yi shekara fiye da 40 yana wasa. Fiye da rabin wannan lokaci ya yi shi yana zagaya garuruwan Ingila, Ailan da Scotland, daga 1852 kuma ya shiga Jamus, Ostiriya, Hangare, Folan da Rasha. An fi saninsa da fitowa a Othello, janar baƙar fata da kishi ya sa ya kashe matarsa, amma ya fito a Macbeth, Shylock da Sarki Lear, yana shafa farar kwalliya a fuska. Ya rasu a birnin Lodz na ƙasar Folan ranar 7 ga Agusta, 1867, can kuma aka binne shi.

Da gaske ne Bafulatani ne, jikan sarakuna?

Shi ne ya yaɗa wannan labari. Takardun tallar wasansa da wani ɗan littafin tarihinsa da aka buga yana raye sun ce ya fito daga gidan sarautar Fulani a Senegal. Manazartan da suka bi tarihinsa sun tabbatar haihuwar New York ne, labarin sarautar kuwa dabarar jawo 'yan kallo ce. A wancan zamani 'yan wasa da yawa suna ƙara wa tarihinsu gishiri. Shi kansa ya fara fitowa da sunan Keene, mai kama da na Edmund Kean, ɗan wasan Ingila da ke tashe a lokacin, sannan ya ɗauki laƙabin Roscius na Afirka, daga sunan wani shahararren ɗan wasa na tsohuwar Rum.

Kada a wuce wannan batu da sauri, domin ya shafi hukuncin da aka yi masa. Mai sharhin da ya zauna kallo yana zaton ɗan sarkin Afirka ne a gabansa, idan ya ga fushin Othello sai ya rubuta cewa halitta ce take fita, ya kasa ganin shekarun da mutumin ya yi yana gyara muryarsa da takunsa. Za a sake ganin haka a amsar da ta yi magana kan yabon da ya samu a Rasha.

Mene ne ainihin abin da masana suka yi saɓani a kai?

Babu mai musun cewa ya yi suna, ya tara 'yan kallo, ya samu lambobin girma daga sarakunan Turai. Gardamar tana kan ingancin wasan kansa. Wasu suna ganin yana sahun farko na 'yan wasan ƙarni na 19, launin fatarsa ne kawai ya hana Landan amsa haka. Wasu suna ganin ƙwararre ne mai kyakkyawar murya da kwarjini, amma baƙuncinsa ya taimaka wa sunansa a Turai kamar yadda ya cuce shi a Landan. Akwai kuma gardama kan salonsa: mai natsuwa ne da auna motsi, ko mai zafi da ban tsoro? Shaidun da suka gan shi da idonsu sun faɗi duka biyun.

Me ya hana a kalli wasan kawai a raba gardama?

Babu abin kallo. Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, shekara 10 bayan rasuwar Aldridge, majigi kuwa sai wajen 1895. Ko sakan ɗaya na muryarsa bai rage ba. Abin da ya rage shi ne sharhin jaridu, takardun talla, wasiƙu, littattafan tunawa da baya na waɗanda suka yi wasa da shi, zane-zane da 'yan hotuna na tsaye. An ce gani ya kori ji, to a nan duk masanan da ke gardama ji suka yi.

Wanda ya taɓa zama a majalisar tsofaffi ana musu kan Shago da Ɗandunawa ya san yadda abin yake: wannan ya ga dambe ɗaya, wancan ya ga wani bayan shekaru, kowa kuma da ɓangaren da ya tsaya tun kafin a shiga fage. Ko waɗanda aka ɗauki muryarsu ba su tsira ba. Edwin Booth, ɗan wasan Amurka, ya karanta wani jawabin Othello a cikin na'ura a 1890, amma sautin ya dushe, kuma mutum ne tsaye a ɗaki yana magana cikin ƙaho, ba 'yan kallo, ba abokin wasa.

Me ya faru a Covent Garden a 1833 da ake yawan ambato?

A lokacin, doka ta keɓe manyan wasanni irin na Shakespeare ga gidaje biyu a Landan, Drury Lane da Covent Garden, sai Haymarket da ke buɗewa a bazararsu. Ba a soke wannan doka ba sai 1843. Saboda haka duk ɗan wasan da bai tsaya a ɗayan gidajen nan ya karɓu ba, ana yi masa kallon ɗan wasan ƙauye komai gwanintarsa. Ranar 25 ga Maris, 1833, Edmund Kean ya yanke jiki ya faɗi a kashi na uku na Othello a Covent Garden, ɗansa Charles yana fitowa a Iago, mugun da ke zuga Othello. Bai sake hawa dandamali ba, ya rasu a watan Mayu. Bayan faɗuwarsa da mako biyu da 'yan kwanaki aka sa Aldridge, yana shekara 25, ya fito a wannan matsayi a wannan gida, Ellen Tree tana Desdemona, matar Othello.

Ya fito dare biyu, 10 da 12 ga Afrilu, daga nan aka janye shi. Tun kafin ya fito, wata jaridar zambo mai suna Figaro in London ta yi ta zuga mutane su kore shi. Bayan wasan, jaridar Times ta soki lafazinsa, ta ce na baƙo ne maras daɗin ji, amma a cikin sharhin nan nata ta amsa cewa 'yan kallo sun karɓe shi hannu bibbiyu. Mujallar Athenaeum ta nuna ɓacin ranta ne kan yadda baƙar fata yake taɓa Baturiya a kan dandamali. Wasu jaridun kuma sun yaba, wasu sun raba: suka ce yana da murya da fahimta, amma bai kai Kean ba.

Akwai wasu abubuwa biyu a wannan wata da bai kamata a manta ba. Annobar mura ta mamaye Landan, gidan bai cika ba, har aka rufe shi na 'yan kwanaki. Sannan majalisar Ingila tana tsakiyar rikicin soke bauta a ƙasashen da take mulka, dokar da aka zartar a watan Agusta na shekarar. Aldridge ya koma gidan wasa na Surrey, a ƙetaren kogin Thames, sannan ya ci gaba da zagayen garuruwa.

To, wariyar launin fata ce ta kayar da shi, ko wasan ne bai kai ba?

Nan ne masana suka fi rabuwa. Herbert Marshall da Mildred Stock, da suka buga tarihinsa a 1958, sun ɗora nauyin kan ƙiyayyar launin fata da masu cin moriyar bauta. Bernth Lindfors, masanin adabin Afirka a Jami'ar Texas, wanda ya fitar da tarihin Aldridge cikin juzu'i huɗu daga 2011 zuwa 2015, ya tattaro sharhunan lokacin da yawa, ya nuna ba da baki ɗaya suka yi magana ba, ya kuma shigo da batun mura da kuɗin ƙofa. Bai wanke jaridun da suka yi cin mutunci ba. Abin da ya yi shi ne ya hana a taƙaita dalilan zuwa ɗaya.

A ganinmu, wanda ya karanta sharhunan da gaskiya ba zai iya cire wariya daga lissafi ba. Sukar da aka rubuta kafin mutum ya buɗe baki ba sukar wasa ba ce. Times ɗin nan tun 1825 ta rubuta cewa ƙirar leɓɓansa ba za ta bar shi ya furta Turanci daidai ba, wato ta yanke hukunci kan halitta. Duk da haka, saurayi ne mai shekara 25 da ya saba da ƙananan gidajen wasa, aka tsayar da shi a zauren da ke ɗaukar mutum wajen 3,000, gaban jama'ar da muryar Kean take kunnensu har yanzu. Abu ne mai yiwuwa ƙwarai wasansa na daren nan yana da rauni a wasu wurare. Laifin masu sharhin shi ne sun cakuɗa raunin da ƙiyayyarsu, har ya zama yau da wuya a rarrabe su.

Hujja mafi ƙarfi tana 1858. Da ya dawo Landan daga zagayen Turai ya yi Othello a gidan Lyceum, Athenaeum ɗin da ta ci mutuncinsa shekara 25 baya ta yaba masa. Masana sun sake rabuwa a kan dalili: ko shi ne ya ƙara ƙwarewa, ko Ingila ce ta sauya, ko kuwa lambobin da ya ɗebo a Turai ne suka sa aka dube shi da sabon ido. Mun fi karkata ga cewa duka ukun sun yi aiki, amma na farko ya fi nauyi, domin shekara 25 ana maimaita matsayi ɗaya gaban jama'a iri-iri ba ƙaramar makaranta ba ce.

Da wane ma'auni ake auna ɗan wasa a wancan zamani?

Ma'auni biyu ne suke karo. Na farko na ɗan wasa John Philip Kemble: tsayuwa da ƙasaita, magana a hankali, kowace gaɓa a aune. Na biyu na Kean, wanda ya girgiza Landan da Shylock a Drury Lane a 1814: sauya murya ba zato, daga raɗa zuwa tsawa. Mai sharhi William Hazlitt ya ɗaga Kean sama, marubuci Coleridge kuwa ya ce kallonsa kamar karanta Shakespeare ne da hasken walƙiya, maganar da har yau ake musun yabo ce ko suka. Ɗan wasa William Macready ya zo ya tsaya tsakani, ya fi karkata ga natsuwa. Mai sharhin da ya tashi da son Kean zai ga ɗan wasa mai natsuwa a matsayin sanyi, na Kemble kuma zai ga mai zafi a matsayin ɗan hayaniya. Ƙari a kan haka, Kean ya rage baƙin kwalliyar Othello ya mai da shi wankan tarwaɗa, kuma akwai masana irin Coleridge da suke cewa bai dace a ɗauki Othello baƙi wuluk ba. Aldridge ya shigo ne a kan wannan ra'ayi.

Kada a ɗauki irin wannan saɓani abin wasa. A New York, ranar 10 ga Mayu, 1849, rikici tsakanin magoya bayan Edwin Forrest ɗan Amurka da na Macready ɗan Ingila ya kai sojoji suka buɗe wuta a Astor Place, mutum fiye da 20 suka mutu. Sunan gardamar salon wasa ne, amma kishin ƙasa da gabar talaka da mai kuɗi ne suka hura wutar.

Jamusawa da Rashawa ba sa jin Turancinsa. Yabonsu yana da wata daraja?

Gaskiya ne yana magana da Turanci, sauran 'yan wasan suna amsa masa da Jamusanci ko wani harshen. Masu rage darajar yabon suna cewa wanda bai ji magana ba ba zai san an furta ta daidai ko an ɓata ba, kuma sukar Landan ai kan lafazi take. Suna ƙarawa da cewa a Rasha ana tsakiyar muhawarar 'yanta manoman da ke ƙarƙashin mallakar masu gonaki, abin da aka yi a 1861, don haka wasu sun ga kukan talakansu a jikin Othello baƙar fata.

Amsar ɗaya ɓangaren ta fi gamsar da mu. Yawancin masu ilimi a garuruwan nan sun san wasannin Shakespeare a fassara, sun kuma ga manyan 'yan wasansu sun yi su, saboda haka suna da abin kwatance. Wanda bai ji kalma ba ya fi lura da amo, numfashi, fuska da hannu, kuma waɗannan rabin aikin ɗan wasa ne. A Jamus, sarkin Prussia ya ba shi lambar zinariya, sarkin Saxe-Meiningen ya ba shi muƙamin girma a 1858, mawaƙin Yukren Taras Shevchenko ya yi abota da shi har ya zana hotonsa. Lambobi dai shaidar karɓuwa ce a fada, kada ɗalibi ya kafa su hujjar ingancin wasa. Hujjar tana cikin sharhunan da suka bayyana abin da ya yi fitowa bayan fitowa. Duba amsar matakan tantance sharhi.

Wani ya ce mai natsuwa ne, wani ya ce mai ban tsoro. Wa za a gaskata?

Théophile Gautier, marubucin Faransa, ya kalle shi a Saint Petersburg a 1858. Ya rubuta cewa ya je yana tsammanin zafi da hargitsi irin na Kean, sai ya tarar da wasa a aune, mai ƙasaita, mai kama da na Macready, kuma Sarki Lear ɗinsa ya fi burge shi kan Othello. Madge Kendal kuwa, wadda ta fito a Desdemona tare da shi a Haymarket a 1865 tana yarinya, ta faɗa daga baya cewa a fitowar ƙarshe yakan finciko ta daga gado da gashin kai, ya ja ta a dandamali kafin ya shaƙe ta, har 'yan kallo suka yi masa ihun ƙi.

Ana iya gaskata su duka. Shekara bakwai ce tsakani, ƙasa daban, 'yan kallo daban, kuma ɗayan yana kujera yana kallon wasan gaba ɗaya, ɗayar tana hannunsa tana tuna minti biyar mafi tsanani, ta kuma ba da labarin ne bayan shekaru masu yawa. Othello ma haka aka gina shi: kashi biyu na farko janar ne mai sanyin magana, sai a fitowa ta uku ta kashi na uku Iago ya fara zuba masa dafin kishi. Ɗan wasan da ya riƙe kansa da farko shi ne fashewarsa take firgita mutane a ƙarshe.

Ga malaman da ke son gwada wannan wasa a makaranta: ba sai an nuna kisan a fili ba. Gidajen wasa da yawa na ƙarni na 19 suna ja labulen gado ne a yi shi a ɓoye. Zani ɗaya a rataye a igiya ya isa, ya kuma raba ku da ƙorafin iyaye.

Me ya sa yake bin Othello da wasan barkwanci? Hakan bai zubar masa da ƙima ba?

Al'adar lokacin ce a rufe dare da gajeren wasan dariya. Aldridge yakan gama Othello ya dawo a matsayin Mungo, wani bawa mashayi a wasan The Padlock, yana waƙa yana ba da dariya. Wasu manazarta suna ganin ya ciyar da Turawa abin da suke so su gani game da baƙar fata. Wasu suna ganin dabara ce: wanda ya ga mutum ɗaya ya yi janar ya yi wawa a dare ɗaya, dole ya gane duka biyun sana'a ce. Ko masu sukar Othello ɗinsa sukan amsa cewa ya iya Mungo, kuma wannan amsawar ita kanta abin zargi ce, domin ta yi daidai da inda suke so su ajiye shi.

Waɗanne matakai ake bi a tantance tsohon sharhi?

A fara da kwanan wata. A duba an rubuta shi kafin wasan, washegari, ko bayan shekara 30. Wanda aka rubuta kafin wasan ra'ayi ne kan mutumin, sai a ware shi gefe. Sannan a tabbatar marubucin ya halarta, a wane dare, a wane gari, domin jaridun lokacin sukan kwafi juna, sharhi biyar su zama ido ɗaya.

Daga nan a ɗauki biro a ja layi ƙarƙashin duk jimlar da ta faɗi abin da ɗan wasan ya aikata: ya sassauta murya a wuri kaza, ya juya baya, ya yi shiru kafin ya amsa. A bar jimlolin da suke cewa ya burge ko ya ba da kunya. Sau da yawa sharhin shafi guda ba ya barin fiye da layi uku ko huɗu, kuma su ne dukiyar. Idan masoyi da maƙiyi suka bayyana abu ɗaya, ɗaya yana yabo ɗaya yana kushe, to abin ya faru, saɓaninsu a ma'auni yake. A ba da nauyi na musamman ga abin da maƙiyi ya amsa ba da son ransa ba, kamar yadda Times ta amsa karɓuwarsa, da aibin da masoyi ya ambata.

Inda ake yawan kuskure shi ne ɗaukar takardar talla a matsayin shaida. Aldridge, kamar sauran 'yan wasa, yakan tsinci yabo daga jaridu ya sake bugawa. Kuskure na biyu shi ne haɗa 1833 da 1858 a yanke hukunci ɗaya, kamar mutum bai sauya ba.

Ɗalibi aka ce ya rubuta ko Aldridge gwani ne. Yaya zai tsara amsarsa?

Ya fara da faɗin cewa shaidu ne a hannu, ba wasan ba. Ya kawo shaida biyu masu karo da juna da shekarunsu, misali Times a 1833 da Gautier a 1858, ya faɗi abin da kowa ya gani da abin da zai iya karkatar da shi. Sannan ya tsaya a ra'ayi ɗaya ya kare shi. Amsar da ta ce kowa da gaskiyarsa ta yi shiru ba ta cancanci maki mai yawa ba, haka ma wadda ta jera lambobin girma ta ce shi ke nan.

Alƙalan gasar dirama ta makarantunmu ma sukan saɓa. Yaya za a rage rigima?

A sa alƙalai uku, kada a jera su a teburi ɗaya. Ɗaya a gaba, ɗaya a tsakiya, ɗaya a can ƙarshen fili, domin yaron da ya burge na gaba da fuskarsa wataƙila na baya bai ji ko kalma ɗaya ba. A raba maki 100 tun kafin a fara, a karanta wa kowa: murya da fitar harafi 25, riƙe halin wanda ake kwaikwayo daga farko zuwa ƙarshe 25, motsi da tsayuwa 20, sauraron abokin wasa da amsa masa 15, hadda 10, sutura 5. Kowane alƙali ya rubuta makinsa ya miƙa kafin su yi magana da juna. Idan tazarar biyu ta wuce maki 15, kowa ya faɗi fitowar da ta sa ya ba da abin da ya ba da. Wanda bai iya nuna fitowa ba, a ɗauki makin sauran biyun.

Abubuwan da suke ɓata hukunci sanannu ne. Dariyar 'yan kallo takan sa a fifita mai barkwanci kan wanda ya ɗauki matsayi mai nauyi, alhali sa fili ya yi tsit ya fi wuya. Makarantar da ta fito ƙarshe takan ci riba domin ita ake tunawa, don haka a yi ƙuri'a kan jerin fitowa. Idan lasifika ɗaya ce ana miƙa wa juna, ko janareta yana ƙara a kusa, gara a kashe duka a matso da 'yan kallo, kowa ya yi da muryarsa. Kada a sa alƙali daga garin da makarantarsa take cikin gasar.

Sai batun karin harshe, wanda muke ganin ya fi kowanne cutar da yara. Alƙalin da ya tashi a birnin Kano yakan rage wa ɗan Haɗeja ko Gumel maki don Hausarsa ba irin ta rediyo ba ce. Abin dubawa shi ne ko ana jin maganar sarai, ko kuma ta dace da wanda ake kwaikwayo. Wanda ya karanta abin da aka yi wa Aldridge kan lafazi bai kamata ya maimaita shi a kan ɗalibin Jigawa ba.

Dattawa suna cewa 'yan kama da 'yan tashen da sun fi na yanzu. Za a iya tantance wannan?

Da matakan da aka bayyana a sama, har wani mataki. Waɗanda suka yi wasa a rediyo da talabijin, irin su Usman Baba Pategi da aka sani da Samanja, da Kasimu Yero, akwai abin da za a kalla ko a saurara. Ɗan kaman da ya yi zamani a kasuwannin ƙauye, ko saurayin da ya yi sarki a kalankuwa shekara 50 baya, sai bakin waɗanda suka gani. A nemi aƙalla mutum uku, a tambaye su ɗaya-ɗaya, domin a majalisa kowa bin bakin babba yake. Kada a ce “Baba, ya iya?” A ce “Baba, me yake fara yi idan ya shigo fili? Me yake riƙe da shi? Wace magana ce take kayar da mutane da dariya?” A tambayi mata su ma, Inna da Gwaggo sukan riƙe waƙoƙin tashen 'yan mata baiti-baiti. A rubuta shekarun mai ba da labarin a lokacin da ya gani, da dangantakarsa da ɗan wasan.

Waɗanda suke raye kuwa a ɗauke su yanzu, bayan an nemi izininsu. Waya biyu ake bukata. Ɗaya a kafe ta a wuri ɗaya, taku bakwai ko takwas daga fili, a kwance, yadda za ta ɗauki ɗan wasan tun daga kai har ƙafa tare da gefen 'yan kallo. Ɗayar a ajiye ta kusa domin murya kawai. Kada a yanka, kada a ɗora kiɗa, kada a bi fuska ana matsowa, domin taku da martanin jama'a su ne abin da mai nazari zai nema. A cika caji tun da rana, a tabbatar katin waya yana da wuri, musamman a tashe da ake yi da dare bayan goma ga azumi, inda za a bukaci fitila mai caji a rataye ta gefe, ba a ido ba. A farkon ɗaukar wani ya faɗi ranar, garin da sunan wasan da baki. A ɗauki mutum ɗaya sau biyu ko uku a wurare daban, sannan a ajiye kwafi ɗaya a makaranta, ɗaya a hannun iyalinsa.